Tagar Rai a Gidan Salzgeber

Mota ba ta zuwa Garzalp. Jirgin ƙasa ne kaɗai, ja, mai tarago biyu, yake rarrafe a jikin dutsen kamar tsoho mai ciwon gwiwa. A cikinsa Sufeto Gredig ya hau da hantsi, bayan masu gyaran layin dogo sun hango gawa a kwazazzabon da ke ƙarƙashin gada.

Kwandasta Luzi bai jira tambaya ba.

"Baƙon nan ɗan Barazil ko? Silveira. Ni na kawo shi shekaranjiya, Yallaɓai. Tsohon malamin makaranta ne. Wai tun yana yaro burinsa ya taɓa dusar ƙanƙara da hannunsa. Yana taɓawa haƙora suka hau kaɗawa! Na ce Malam, tunda ka gani, shiga mu koma." Ya fara dariya, sai ta maƙale masa. "Ni na nuna masa masaukin Salzgeber. Na ce tsohuwar gidan ba ta barin baƙo ya kwana da sanyi."

A gindin gadar, Likita Tscharner ta yaye mayafin da aka rufe gawar.

"Dubi fatarsa, jawur. Sanyi yakan yi haka, hayaƙin murhu ma yakan yi. Sai na gwada jininsa."

"Faɗuwar fa?"

Ta nuna ƙanƙarar da ke ƙarƙashin kansa. Jini ya malala, ya daskare.

"Gawa ba ta zubar da jini haka. Da ransa ya iso ƙasa."

Masaukin Salzgeber tsohon gidan katako ne da shekaru suka mai da shi baƙi. Kaspar, ɗan mai gidan, ƙato ne mai sanƙo. Ya tarbi Sufeto yana ta goge hannuwansa, alhali a bushe suke.

"Jiya da safe ya karya kumallo, ya ce zai je ɗaukar hoton gada. Na ce masa hanya da santsi. Ka san baƙi, Yallaɓai, kunnen ƙashi."

"Da bai dawo ba, wa ka faɗa wa?"

"Na ɗauka ya bi jirgi."

"Ya bar jakarsa?"

Kaspar ya sosa ƙeya. Ya kai Sufeto ɗakin baƙon da ke sama. Sanyi ya cika ɗakin, labule yana motsi ko da yake tagogi a rufe suke. A kusurwa akwai murhun dutse, an share shi fes.

"Rabon da a hura shi tun kaka," in ji Kaspar. "Bututun hayaƙin ya tsage, mai share shi ya hana."

Gredig ya bi iskar da tafin hannunsa har can ƙarƙashin rufi. Wata 'yar kafa ce da ba ta wuce tafin hannu ba, an zame katakon da ke rufe ta. Tsohon fentin gefenta ya fashe, sabuwar fashewa.

Akwai irinta a gidan kakarsa. Tagar rai. Ba a buɗe ta don shan iska. Sai mutum ya cika a ɗakin ake zame ta, ransa ya sami hanyar fita. Sau ɗaya ya ga an buɗe, ranar da kakansa namiji ya rasu.

"Ina mahaifiyarka?"

"Ba ta da lafiya. Tsufa, ba ta san abin da take faɗa ba."

Ursina Salzgeber tana madafa tana feraye dankali, idanunta ras.

"Sannu da aiki, Iya. Wa ya buɗe tagar sama?"

"Inna, kada ki..."

"Rufe mini baki, Kaspar. Ni na haife ka." Ta ajiye wuƙar. "Ni na buɗe, ɗana. Kuma ni na kashe shi. Bawan Allah yana rawar ɗari kamar ɗan tsako, na ce a gidana? Na hau na hura masa wuta. Har ya sumbaci hannuna. Ban san wannan shashashan ya cusa tsumma a bututun ba, don kada iska ta riƙa shigowa."

"Da gari ya waye fa?"

"Kaspar ya sauko ya ce baƙo ya mutu. Ya ce in aka ji, za a rufe gidan, a kai ni kurkuku da tsufana. Ya ɗora shi a amalanken itace, ya lulluɓe, ya ja. Na yi shiru, Allah ya yafe mini. Amma in bar ran mutum a kulle a ɗakina, ga shi baƙo, ko harshenmu ba ya ji? Wannan kam ban iya ba."

Gredig ya daɗe yana kallon ɓawon dankalin. Yana iya tafiya da ɗan, ya bar ta da abin da ta sani. Da wannan za ta iya barci. Amma gobe a kotu wani zai karanta mata sauran da muryar da babu tausayi a cikinta. Ya ja kujera ya zauna kusa da ita.

"Iya, kin ga gawar da idonki?"

"A'a. Ya hana ni hawa sai da ya fitar."

"Ba a ɗakinki ya cika ba." Ya juya. "Ko ba haka ba, Kaspar?"

Ƙaton ya jingina da bango, ya sulale har ƙasa.

"Na rantse na ɗauka ya mutu. Sai da muka kai bakin gada, da iska ta buge shi... ya yi nishi. Ya buɗe ido. Ya ce wani abu da harshensu."

"Ka san inda likita take, amma ka jefa shi."

"Da ya tashi zai tona mana asiri! Inna ce ta hura wutar, ni na toshe bututun. Don ke na yi, Inna."

"Kada ka sa ni a ciki," ta ce a hankali. Ba shi take kallo ba, rufi take kallo. "Ni ina nan ina ta yi masa addu'a a bakin taga, ashe yana can. To wa ya nuna masa hanya?"



Gredig bai sa wa Kaspar ankwa ba sai da suka fita daga gidan. Suka jira jirgin yamma a tasha, mutanen gari suna leƙe ta bayan labule. Luzi ya buɗe musu ƙofa.

Jirgin ya rage gudu a kan gada. Can a bakin kwazazzabon tsohuwa Ursina ce tsaye cikin ƙanƙara, da baƙin mayafi da sanda. Ta sunkuya tana magana da ramin, tana ɗaga sandar tana nuna yamma, inda aka ce mata ƙasar baƙon take.

Kaspar ya runtse ido.

"Yallaɓai, don Allah mu yi musanyar kujera."

"Zauna inda kake," in ji Gredig.