Uwar Fim ɗin Marlys

"Kowa ƙasa! Ƙasa na ce!"

Skeet ne ya fara kutsawa, bindiga a gaba, safa a fuska. Sha biyu da rabi na rana, zafin Agusta yana dafa titunan unguwar Van Nuys. Lorne Pruitt ya biyo bayansa yana haki. Shekara saba'in da ɗaya, gwiwa ɗaya ta ƙarfe, wai shi ne yau ɗan fashi. Tsufa dai ba ya maganin wauta.

Mutum uku ne a ɗan kamfanin. Sana'arsu tono tsofaffin finafinan barkwanci na manya, irin waɗanda silimun bayan gari ke nunawa shekaru hamsin baya, su wanke, su gyara launi, su buga a faifai su sayar wa masu marmarin da. Biyu suka zube. Ta ukun, Noreen, mai furfura da farar safar hannu, ta tsaya ƙyam.

"Ba ma ajiye kuɗi a nan, bawan Allah."

"Wa ya tambaye ki kuɗi, Gwaggo? Ina ɗakin sanyi?"

Ta nuna da haɓa. Lorne ya shige. Sanyi ya mare shi, da warin tsamin tsohon fim. Shekara talatin ya yi yana haska majigi, ya san warin nan kamar warin gidansu. Ya bi kanta-kanta da yatsa. Ga su nan a ƙasa, gwangwani shida, an rubuta da jan alƙalami: Amaryar Mai Gyaran Firji, 1977.

Wannan ita ce uwar fim ɗin, wadda ta fito daga cikin kyamara. Babu wata a duniya. A cikinta akwai Marlys, matarsa, tana da shekara ashirin da biyu, babu kayan kirki a jikinta. Shekara arba'in da biyar suna tare, bai taɓa ambaton fim ɗin a gida ba. Yanzu ita ke buga piyano a cocinsu na unguwar Reseda, jikoki huɗu. Sai watan jiya ya ga talla: za a fito da shi fes, har tabon fuska sai an gani. Tun ranar abinci bai sake yi masa daɗi ba.

Ya fito rungume da uku, Skeet ya suri uku.

"Don Allah ku riƙe su a kwance!" in ji Noreen. "Ba mu kwafe shi ba tukuna. In ya lalace, shi ke nan!"

Abin da Lorne ya zo ji ke nan. Ransa ya yi fari ƙal.

"Mu ware, Tsoho!"

Tavo, direbansu, na jiran su a farar mota, inji na ruri. Suka faɗa ciki — ƙiiii! — taya ta bar baƙin zane a kwalta.

Minti tara bayan nan Sajan Brubaker na 'yan sanda yana tsaye a kamfanin, yana sosa ƙeya da biro.

"Tsaya, Madam. Da bindiga suka zo, fim ɗin batsa suka ɗauka?"

"Barkwanci ne, Sajan."

"To. Barkwancin da ba a saka wando."

"Tsohon cikinsu ɗan sana'a ne. Bai ko duba sauran ba."

Kyamarar shagon taya da ke maƙwabtaka ta kama lambar motar tsaf. Brubaker ya daina dariya, ya ɗauki rediyo.

A cikin mota Skeet ya cire safa yana ihu. Ɗan talatin ne, rabin rayuwarsa a gidan yari ya yi ta, a can ma ya san wani ƙanen Lorne.

"Tsoho, ka iya! Kira mutumin naka na Nevada, ka ce kaya sun samu."

"Sai mun canja mota."

"Wai da gaske akwai mahaukacin da zai sayi wannan ruɓaɓɓen abu?" in ji Tavo, idonsa a madubi. "Wari yake kamar an zubar da tsimi."

"Kai dai ja mota, Direba. Hagu. Bayan ramin tsakuwa."

Babu wani mutumin Nevada. Lorne ne ya ƙirƙiro shi, da suna, da gidan gona, da ɗakin da yake tara tsofaffin finafinai. Shi kaɗai ba zai iya riƙe bindiga da gwangwani shida ba, shi ya sa ya nemo yara ya shafa musu zuma a baki.

Suka gangara busasshen kwari a Sun Valley. Ba kowa, sai tsakuwa da rana. Lorne ya sauke gwangwanayen, ya buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Ya ɗauko jarka daga bayan kujera. Fim ɗin zamanin nan ba ya kama wuta da kansa kamar na kakanni, sai an ba shi fetur ya ƙoshi.

Skeet ya dube shi. Ya dubi jarkar.

"Ina ɗaya motar?"

Lorne ya ci gaba da tuttulawa.

"Kai! Tsoho! Me kake yi?"

"Abin da ya kawo ni."

"Kan uban nan! Babu mai saye, ko? Ɗan iskan tsoho, mu ka mayar 'yan dako?"

"Matata ce a ciki."

"Ko uwarka ce! Ajiye jarkar nan!"

Bindiga ta taso. Tavo ya diro daga mota da gudu, hannuwa a sama.

"Haba Skeet, dalla bari! Tsoho ne fa, mu fece kawai—"

Lorne ya ƙyasta ashana. Skeet ya danna — tau! Tavo ne a tsakani. Ya dafe wuya, ya durƙusa, ya kife a kan tsakuwa. Wuta ta tashi — fuu! — ta lashe hannuwan Lorne har gwiwar hannu. Baƙin hayaƙi ya miƙe sama, ya nuna wa duk ɗan sandan da ke kwarin inda suke.

Jiniya ta ko'ina. Skeet ya arce ta kan tudu, bai yi taku ɗari ba karen 'yan sanda ya kayar da shi. Lorne bai motsa ba. Yana zaune yana kallon fim na narkewa kamar kitse, yana jin ya yi abin da namiji ya kamata ya yi.

Sati uku yana tsare a gidan yari, Marlys ba ta zo ba. Ranar da ta zo, rigar coci ce a jikinta. Ta zauna bayan gilashi, ta ɗauki wayar. Shi da ƙyar ya riƙe tasa, hannuwa duk bandeji.

"Fim ɗin ya tafi, Marlys. Babu wanda zai gani. Yara ba za su taɓa—"

"Ni na kai musu."

Ta gyara riƙon wayar, ta ci gaba.

"Matar daraktan ta bar mini shi kafin ta rasu. Ni na ɗauka a motata na kai wa Noreen. Ai ba sa fitar da faifai sai sun haɗa da hirar 'yan wasan. Awa uku na zauna suna tambayata, suna dariya. Sun ce in zo in zauna gefensu ranar gyaran launi."

"Marlys, tsirara fa kike a ciki!"

"Minti huɗu, Lorne. Sauran minti tamanin fa? Ni na rubuta rabin barkwancin nan a bayan takardar abinci. Na taɓa zama a kujerar baya a silima, mutum ɗari uku suna riƙe ciki saboda ni. Sau ɗaya ke nan a rayuwata. Yaran kuma tun bikin Ista na gaya musu. Babbar jikar cewa ta yi, Kaka, ashe ke 'yar duniya ce."

"Me ya sa ba ki faɗa mini ba?"

"Shekara arba'in da biyar kana yafe mini abin da ban roƙe ka gafararsa ba. Ta ina zan fara?"

Haushi ya kama shi, ya rasa a kan wa zai sauke shi. An binne Tavo ranar Talata, ya bar mace da ciki. Skeet ba zai sake taka titi ba. Shi kansa lauya ya ce ya sa rai da shekara ashirin, kuma kowa ya san abin da ashirin ke nufi ga ɗan saba'in da ɗaya.

"Don ke na yi," ya ce a hankali.

Marlys ta gyara jakarta a kafaɗa, ta dube shi.

"Ban taɓa ganinsa da launi mai kyau ba, ka sani? Ina ta jira in ga ko da gaske na iya."

Ta ajiye wayar, ta miƙe, ta ce wa gandiroba ta gama.