Ɗan Wanda Ya Gina Benen

Auta tana jera littattafai a laburaren da take aiki sai ga wani saurayi cikin fararen kayan asibiti ya ajiye wani tsohon littafi a gabanta. Labarin tarihi ne na zamanin da talakawa suka yi wa masu mulki bore, ita ma ta sha karanta shi.

"Malama, raba min gardama," ya ce. "Mata biyun nan, wa ta fi gaskiya? Wadda ta ɓoye ɗan abokin gaba a ɗakinta, ko wadda ta rantse sai ta ga bayan zuri'arsu?"

"Ta biyun an kashe mata kowa nata," in ji Auta. "Wanda ba a taɓa ba, tausayi ba ya yi masa wuya."

Ya ja kujera ya zauna, suka yi ta musu har aka tashi aiki. Daga ranar ta raɗa masa Mai Gardama, shi kuma yake ce mata Malamata.

"Malamata, yau ina yi wa wani tsoho allura ina murmushi, har ya tambaye ni ko lafiya. Laifinki ne." Irin saƙonnin da take samu kenan, ta karanta ta sake karantawa.

Ranar da ya zo gaida mutan gidan su Auta, Gwaggo, yayar mahaifinta, ta tambaye shi ɗan gidan wa ne. Yana faɗar sunan mahaifinsa, tsohon ɗan kwangila, Gwaggo ta miƙe tsaye. Mutumin nan ne ya yi ha'inci a siminti, benen da yake ginawa ya rufta a kan magina, ciki har da mahaifin Auta, tun tana goye. Shari'ar kuwa haka ta bi ruwa.

Bayan ya tafi Gwaggo ta ja ta ɗaki.

"Kada ki kore shi. Ki bari a sa rana, su gayyato duniya, sannan ki ce kin fasa. Su ma su ɗanɗana."

"Gwaggo, shi me ya yi?"

"Ke me kika yi da kika tashi babu uba?"

Gwaggon nan ita ta ga gawar ƙanenta da idonta, ita ta yi ta zaryar kotu har takalminta ya tsinke. Umma kuwa, mahaifiyar Auta, ɗinkinta kawai take yi. Auta ba ta amsa wa Gwaggo ba, ba ta kuma ƙi ba. Aka sa rana, ita kuma ta dinga ramewa.

Gwaggo ba ta iya riƙe magana, har zancen ya kai kunnensa. Saƙonsa ya shigo tana wurin aiki:

"Na ji abin da aka shirya. Wallahi ban san mahaifinki na cikinsu ba. In kunyarmu za ta sanyaya miki zuciya, zan zo in tsaya a gaban jama'a. Ki dai faɗa min, Malamata, kin taɓa sona?"

Ta koma gida tana kuka, ta miƙa wa Umma wayar. Umma ta karanta, ta ɗauki mayafinta.

"Tashi ki raka ni."

Suka je gidan su Mai Gardama, suka tarar da shi a bakin gado yana ba mahaifinsa magani. Ɓarin jikin tsohon guda ya shanye, bakinsa ya karkace. Da aka gaya masa ko su wane ne, ya yi ta ƙoƙarin magana ya kasa, hawaye na gangarowa cikin kunnensa.

Umma ta daɗe tana kallonsa.

"Ban manta ba, ba kuwa zan manta ba," ta ce. "Amma na gaji da ɗaukarka a zuciyata. Nawa haƙƙin na yafe. Na sauran ba a hannuna yake ba."

A bakin ƙofa Auta ta tsaya, ta dubi Mai Gardama, murya ƙasa-ƙasa.

"Ka tambaye ni ko na taɓa sonka. Tun ranar farko. Ka yafe min shirun da na yi."

Gwaggo ta daina yi musu magana. Ranar ɗaurin aure ta kulle kanta a ɗaki, Auta na ta kallon ƙofar, hawaye na jiƙa kwalliyarta. Sai da aka zo tafiya da amarya ƙofar ta buɗe. Gwaggo ta fito idanunta jajir, ta kama hannun Auta ta damƙa wa angon.

"Ubanka ban yafe masa ba, kada wani ya ce maka na yafe. Kai kuwa, ga 'yar ƙanena. Ka riƙe ta amana. Allah Ya ba ku zaman lafiya."

"Amin, Gwaggo," ya ce, ya durƙusa har ƙasa.