Man Shanu a Kunun Iya

Akwai wata yarinya 'yar aji biyar a Zinyau, ta ƙasar Rano. Kakarta, Iya, tana fama da ciwon daji. Yarinyar haushin ciwon nan take ji ƙwarai.

Ranar da aka kai Iya asibiti a Kano, yarinyar ta bi su. Ta tambayi likita me ya hana jikin Iya kashe ciwon. Likitar ta ce a cikin jini akwai ƙananan sojoji masu farautar ƙwayoyin daji. Kowane soja fatarsa ta maiƙo ce. Ciwon yakan ɓata fatar, sai soja ya kasa riƙe abokin gaba.

Yarinyar ta ciji leɓe. Maiƙo kawai? Ai ga shi nan gidan Jumai, maƙwabciyarsu mai shanu.

Suna dawowa ta roƙo man shanu. Ta narka shi, ta juye a kunun Iya. Iya ta ƙi sha. Sai yarinyar ta ɗage hanci, ta maƙe murya irin ta likita.

"Hajiya, a shanye. Sojojinki tsirara suke yawo."

Iya ta yi dariya, ta shanye.

Kafin la'asar Iya ta fara amai. Har maganin da ta sha ya fito.

Baban yarinyar ya dawo daga gona, ya shinshina kofin kunun. Fuskarsa ta canza.

"Wa ya sa ki?"

"Ai likita ce ta ce..."

"Ta ce ki ba ta? Da bakinta?"

"To kowa ya zauna yana kallo, ciwo yana cin ta!"

Baba ya daka mata tsawa. Ya ce jibi ne allurar Iya. In aman bai tsaya ba, ba za a yi mata ba.

Baba ya kira likita a waya. Ita ma faɗa ta fara yi. Ta ce man kunu ba ya tafiya kai tsaye ya gyara fatar soja. Masana ma har yanzu bincike suke yi. Ta ce a ba Iya ruwan gishiri da sukari kaɗan-kaɗan.

Yarinyar ce ta riƙe cokali, tana kuka. Washegari aman ya tsaya. Da ranar ta zo aka yi wa Iya allurarta, ta dawo gida tana neman tuwo.

Iya ta kama kunnen jikarta, ta ce, "Na san so ne, 'yar nan. Amma in ba ki gane magana duka ba, ki sake tambaya. Kada ki ƙara wa mara lafiya abin da likita bai ce ba."