Lambar Yaya

Kun sha wucewa ta ƙofar shagon buga takardun nan. Kun ga dattijo yana goge tsohuwar kwamfuta da bakin rigarsa, kuka kawar da kai, kuka ce rigimar tsufa ce.

A shagon ne Auta, 'yar dattijon, ta fara ganin malamin lissafi. Ya zo buga jarrabawa, ita kuma tana kan kujera tana ɗaure wayar intanet ɗin da shagunan layin suke rabawa.

"Sannu da aiki, Injiniya."

"Riƙe min kujerar, Malam, gaisuwa ba ta hana faɗuwa."

Ya riƙe. Daga ranar takardunsa ba su ƙare ba.

Sai dai duk sa'ad da ya buɗe kwamfutarsa a shagon, sai intanet ɗin ta Baba ya yanke. Mai kemis na kusa, wanda ya daɗe yana son Auta, ya raɗa wa Baba cewa malamin kutse yake yi.

"Mutumin da ya shigar min kwamfuta ba sallama, shi zan ba wa 'ya?" in ji Baba. "Kada ya sake taka min shago."

Maƙwabta suka yi abin da suka iya: a kashe rauta, na'urar raba intanet, a kunna. Ba wanda ya tambayi dalili.

Saƙon malamin ya shigo wayar Auta: "Hasken idona, wallahi ban taɓa komai ba. Amma ba zan ja da Baba ba. In ya ce in haƙura, zan haƙura, ko da zuciyata ba ta iya ba."

Ta mayar: "Malam sarkin haƙuri, ajiye shi tukuna. Ba ni kwamfutarka gobe."

Washegari ta zauna da ita a gaban rauta. Aikin rauta ne ya ba kowace na'ura lambarta, don saƙon wani kada ya faɗa gidan wani. Ta duba lambar da ya ba malamin. Saura ta Baba, wadda ba mai taɓawa tun rasuwar Yaya, babban ɗansa, wanda ya haɗa ta da hannunsa.

"Baba, dubawa kawai zan yi."

"Yadda ya bar ta, haka za ta zauna."

"Hannuna a baya. Kai za ka danna."

Ya daɗe yana kallonta, sannan ya danna inda ta nuna. Lamba ɗaya ce sak da ta malamin. Yaya ya rubuta wa kwamfutar lambarta da kansa, rauta bai sani ba, ya ɗauki lambar ya ba baƙo. Biyu suka haɗu a gida ɗaya.

"To goge ta za ki yi?" in ji Baba.

"A'a, Baba. Rauta zan gaya wa lambar nan tana da mai ita. Ba zai ƙara ba wa kowa ba."

Ta cire ta daga cikin waɗanda ake rabawa, ta kunna duka biyun. Suka kama tare.

Baba ya zauna. Ya fara ba ta labarin ranar da Yaya ya haɗa kwamfutar, yana tsokanarsa wai da yatsa ɗaya yake bugu kamar kaza na tsattsaga. Tun rasuwar, yau ne ya fara ambatonsa. Auta ta yi kuka, ta yi dariya.

"Kira min yaron nan," ya ce. "Na ɗauki alhakinsa."

Malam ya zo ya durƙusa. Baba ya kama hannunsa ya ɗaga shi.

"Ka yafe min, ɗana. Ka turo manyanka."

Aka ɗaura aure. Baba ya sa musu albarka: Allah Ya ba da zaman lafiya, Ya kawo zuri'a ɗayyiba, Ya jiƙan wanda bai ga wannan rana ba.

Ku kuma, a gidanku akwai wanda ya hana a taɓa wani abu, kuna ta yi masa dariya. Ku tashi yau ɗin nan, ku zauna kusa da shi, ku tambaye shi na wane ne.