Tsagar Tankin Gishiri

Da hantsi tankin gishiri na tashar lantarki mai amfani da hasken rana ya tsage. Narkakken gishirin da ake adana zafin rana a cikinsa, mai zafin da ya ninka na tafasasshen ruwa sau biyar, ya kwararo kan wata mai shara. Ko shurawa ba ta yi ba.

Kafin Sufeto ta iso, manyan tashar sun riga sun damƙa wa 'yan sanda Baba mai walda, wai aikinsa ne ya kashe ta. Abin ya ƙona mata rai matuƙa. Kullum mai datti a riga ake fara kamawa!

"Baba, kai ka haɗa tankin?"

"Ni ne, 'yata. Je ki duba. In a kan waldata ya tsage, a rataye ni."

Ta je ta duba. Waldar tana nan daram. Can gefe tsagar take, ta yi rassa kamar jijiyar ganye. Injiniyan gyara ya ce wannan ƙarfe ne marar tsatsa, ba ya irin wannan tsagar sai in gishirin gurɓatacce ne.

Ta tsare mai sito.

"Ranki ya daɗe, ni buhu nake karɓa, ba na ɗanɗanawa. Sai ɗakin gwaji ya sa hannu nake buɗe ƙofa."

Shugaban ɗakin gwaji kuwa da murmushinsa ya tarbe ta. Ya zube mata guntayen ƙarfen da ake ratayawa cikin tanki, a ciro duk wata uku don a ga ko gishirin yana cin ƙarfe.

"Kin gani, Sufeto? Fes! Gishirina lafiya lau."

Ta ɗaga ɗaya, har fuskarta ta gani a ciki. Sai ta zaro guntun da ta sa aka yanko daga inda tankin bai lalace ba, ta dire kan tebur. Baƙi ƙirin.

"Lafiyayyen ƙarfe ma dafewa yake a wannan zafin. Naka suna ƙyalli saboda ba su taɓa shiga tanki ba. Ni za ka raina wa hankali? Ina na gaskiyar?"

Nan take ya amsa laifinsa. Ashe bai gwada gishirin ba ya sa hannu. Tun bara ya ciro guntayen a tsattsage, tsoron kora ya sa ya binne su, ya jera sababbi.

Da hannunta ta danna masa ankwa, sannan ta je ta buɗe wa Baba. Tsohon ya saurare ta har ƙarshe.

"Tun bara ya sani? Allah ya isa! Baiwar Allahn nan fa kullum da safe ita ke share masa ofis."