Ɓarin Bulo a Cikin Tampol

Wanda ruwa ya cinye wa gida, yana da bakin cewa yana son 'yar mutane? Bachal bai san amsar ba, ni ma har yau ban sani ba.

Wata biyu ke nan da ambaliya ta koro ƙauyensu kan tudun titin garin Dadu. A nan ya fara ganin Hakimzadi, tana riƙe da gefen tampol ɗinsu da iska ta cire wa zobe, mahaifinta Soomar na shirin huda shi da wuƙa.

"Chacha, kar ka huda. Daga huda yaga take farawa," in ji Bachal. Chacha shi ne kawu a yarensu.

Ya ɗauko ɓarin bulon rusasshen gidansu, ya goge shi a kwalta har ya yi sumul. Ya tura shi ta cikin tampol, ya shaƙe shi da igiya ta waje, ya ja. Tampol ya miƙe. Hakimzadi ta yi murmushi.

Soomar ya kwance ƙullin. "Wasan yara. Kuma ka janye tampol ɗinka daga nawa, na ga inda idonka yake."

Ya huda abinsa.

Bayan kwana uku saƙonta ya shigo wayarsa: "Mai bulo, Baba ya yi wa ɗan ƙanwarsa na garin Sehwan alkawarina. Ɗakin siminti gare shi."

Ya mayar mata: "Hakimzadina, ki je. Ni leda ce rufina, riƙe ki zalunci ne."

"Na ce maka siminti nake so? Matsoraci."

Bachal ya ajiye wayar. Ya rasa wanne ne zaluncin, riƙewa ko saki.

Ranar Juma'a iska ta taso da ruwa. Tampol ɗin Soomar ya tsage daga hudar har tsakiya. Bachal ya kwance nasa ya rufe su, ya zauna a ruwa. Washegari ɗan Sehwan ya aiko cewa a kai masa amarya, amma ba shi da wurin tsofaffinta.

Soomar ya daɗe yana kallon gonakin auduga da suka zama tafki, sannan ya juya ga Bachal.

"Bana ba shuka, ɗana. Baɗi ma ban sani ba. Me za ka ciyar da ita?"

"Abin da na samu, Chacha. Ba ni da alkawarin da ya fi wannan."

An ɗaura auren Bachal da Hakimzadi da shayi da dabino bakwai. Da mutane suka watse, tsohon ya durƙusa ya goge ɓarin bulo, ya haɗa bakin tampol ɗinsa da na Bachal, ya tura shi cikin su biyun.

"Allah ya yi muku albarka," ya ce. "Miƙo min igiyar."