Akwatin Kaset na Malam Nababa

Sufeto Khalilu ya gaji da ƙarar satar akuya, sai ga dattijo Malam Nababa da wata sabuwa: an kwashe masa akwatin kaset.

Da can shi ke da gidan kallo a ƙauyensu, kusa da Watari. Sana'ar ta mutu, amma ya ci gaba da tara tsofaffin finafinan masu binciken kisa, irin waɗanda ko a Kano an manta da su.

"Wasu babu kwafinsu ko'ina, ranka ya daɗe," in ji shi.

Sufeto ya ji tausayinsa, ya bi shi gida tare da kurtunsa. Kwaɗon ɗakin lafiya lau, ga na'urar bidiyo a ajiye. Wane ɓarawo ne zai bar na'ura ya ɗauki kaset?

"Inna, wa ke shiga ɗakin nan?"

"Ni ban ga kowa ba," in ji Hure, matar gidan, tana kare bakin murhu da jikinta.

Sufeto ya tona tokar da tsinke. Ɓawon kaset ne a narke, babu zare a ciki.

"Ina ɗanku Ikrima?"

"Ya tafi Minjibir."

Ba Minjibir ya tafi ba. A gonar shinkafa suka same shi, baƙin zaren kaset a ɗaure daga sanda zuwa sanda, yana walƙiya yana kuka cikin iska. Tsuntsayen jan-baki na shawagi a sama, sun kasa sauka.

"A kasuwa na saya," in ji Ikrima.

"Uwarka ta ƙona ɓawon. A kasuwa ta samo shi?"

Ikrima ya durƙusa a gaban mahaifinsa.

"Baba, tsuntsaye sun cinye rabin gonar. Na roƙe ka ko guda ɗaya ka hana. Me za mu ci bana?"

Malam Nababa ya kama zaren, rana ta riga ta gasa shi.

Sufeto ya yi ajiyar zuciya. Ƙara ta shiga ofis, dole a je a ba da bayani. Ya tasa Ikrima gaba, ya ce wa kurtunsa ya kwance zaren don shaida.

"Ku bar zaren," in ji tsohon a hankali. "Ni dai na rasa. Kada a rasa shinkafar ma."

Suka tafi suka bar tsohon tsaye a kan kunya, yana gadin gonar.